YADDA KARE KE TSARA WA UBANGIDANSA TAFIYA

Cikin watan Satumba na 1960 wani mashahurin marubucin Amurka mai suna John Steinbeck ya tashi daga gidansa a jihar New York cikin wata mota a-kori-kura wadda aka gina wa ɗan ɗaki a baya, da niyyar ya zagaye ƙasarsu ya ga halin da jama'arta ke ciki. Ba shi da abokin tafiya sai karensa, Charley. Da ya isa Niagara, inda iyakar Amurka da Kanada take, sai ya yi nufin ya yanke ta cikin Kanada don ya rage wa kansa nisa zuwa birnin Detroit. Kamar yadda ya ba da labari a littafinsa mai suna Travels with Charley, wanda aka buga cikin 1962, ma'aikatan Kanada sun ce masa su ba su hana shi shiga ba, amma fa ya sani in ya zo komawa, mutanen ƙasarsa ba za su bar karen ya wuce ba sai da takardar shaidar an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Takardar kuwa ba ta tare da shi. Tilas ya juya kan motarsa ya bi doguwar hanya.

Shekara sittin da ɗoriya ke nan da faruwar wannan, amma har yau abin da ya juyo da Steinbeck shi ne ke juyo da masu irin wannan tafiya. Duk mutumin Ingila da ya yi shawarar ya ɗauki iyalinsa da karensa a mota mai ɗaki, ya ƙetare teku zuwa Faransa ko Sifen ko Italiya don hutu, ba ya daɗewa zai gane cewa ranar tashi, da hanyar da za a bi, da inda za a kwana, da ranar komowa, duk karen ne ke yanke su, ko da yake ba a tambaye shi ba.

MOTA MAI ƊAKI

Motar da ake magana a kanta babbar mota ce wadda aka mai da cikinta gida. Akwai gadon kwana, da murhun gas, da firji, da tankin ruwa, da makewayi, da wurin wanka, da ɗan teburin cin abinci. Inda dare ya yi wa mai ita nan ne masaukinsa, ba ruwansa da neman otal. Wannan shi ya sa masu karnuka suka fi kowa sonta, domin otal-otal da yawa ba su karɓar kare, kuma shigar da shi jirgin sama wahala ce da tsada.

Al'adar ta girmi motar kanta. Cikin 1885 wani likita ɗan Sikotlan, Dokta William Gordon Stables, wanda ya yi aiki da sojan ruwa na Birtaniya, ya sa aka ƙera masa wani ɗaki na katako a kan ƙafafu, dawaki biyu ke jan sa, ya raɗa masa suna The Wanderer. Ya tashi daga kudancin Ingila har Inverness a arewacin Sikotlan, tare da direban dawakinsa, da baransa, da wani irin aku, da kuma wani ƙaton kare. Shi ake ɗauka mutum na farko da ya yi irin wannan tafiya don shaƙatawa kawai. Cikin 1907 aka kafa ƙungiyar masu irin waɗannan ɗakuna a Birtaniya, kuma tana nan har yanzu.

Mai karatu wanda ya san kare a bakin garke, ko a ƙofar gida, ko a dajin farauta, zai yi mamakin a ce mutum ya kashe kuɗi mai yawa don ya kai karensa hutu wata ƙasa. A wurin Turawa da yawa kare ɗan gida ne, a ɗaki yake kwana, kuma tsofaffin da suka yi ritaya, waɗanda su ne suka fi yawa cikin masu yawo da waɗannan motoci, sau da yawa shi ne abokin hirarsu bayan 'ya'ya sun watse. Wanda zai yi wata biyu a waje yakan ga barin karen a gidan ajiyar karnuka ya fi tafiya da shi tsada da damuwa.

TSORON CIWON HAUKA

Dokokin da ke kan kare mai ƙetare iyaka ba su fahimtuwa sai an san ciwon da ya haife su. Ciwon haukan kare yana shiga jiki ta yawun dabbar da ta kamu, ya bi jijiyoyi har ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan ba mai tashi. Cikin 1885, shekarar da Dokta Stables ya yi tafiyarsa, masanin nan na Faransa Louis Pasteur ya gwada allurar rigakafinsa a kan wani yaro mai suna Joseph Meister wanda mahaukacin kare ya ciza, yaron kuwa ya rayu.

Birtaniya tsibiri ce, saboda haka ta ga za ta iya tsare kanta. A ƙarshen ƙarni na 19 ta kafa dokar sa wa karnuka takunkumi da killace duk wanda aka shigo da shi daga waje, har ta kawar da ciwon cikin 1902. Ya sake ɓullowa cikin 1918, aka ɗora laifin a kan sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da karnuka a ɓoye, ba a sake kawar da shi ba sai 1922. Tun daga nan doka ta tsananta: duk karen da ya shigo ƙasar, ko da ɗan asalinta ne ya fita kwana biyu ya dawo, sai an tsare shi wata shida a wurin killacewa, mai shi ne kuma zai biya. Tsoron ya ƙaru da ciwon ya yaɗu cikin yanyawar dajin Turai ya isa Faransa cikin 1968. Ke nan kusan duk tsawon ƙarni na 20 babu mai hankalin da zai fita hutun mako biyu da karensa.

Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko, ƙasashen Turai sun koyi zuba maganin rigakafi cikin ɗan abinci su watsa a daji don yanyawa su ci. Suwizalan ce ta fara cikin 1978, aka tabbatar da Faransa ta rabu da ciwon cikin 2001, Jamus kuma cikin 2008. Na biyu, masu karnuka sun matsa wa gwamnati, cikinsu har da Chris Patten, gwamnan Birtaniya na ƙarshe a Hong Kong, wanda ya yi ta kuka da dokar saboda karnukansa biyu sa'ad da zai bar aiki cikin 1997. Ran 28 ga Fabrairu na 2000 Birtaniya ta fara barin karnuka masu cikakkun takardu su shigo ba tare da killacewa ba. Cikin 2004 Tarayyar Turai ta fito da fasfo na dabbobi, wani ɗan littafi mai shuɗin bango da ake rubuta allurar kare a ciki, kwatankwacin katin rigakafin shawara da matafiyi ke nunawa a filin jirgin sama. Cikin 2012 aka ƙara sassautawa, aka daina gwajin jini da jiran wata shida ga masu zuwa daga Turai.

Sa'an nan Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai. Daga ran 1 ga Janairu na 2021 fasfon dabbobi da aka yi a Ingila ko Sikotlan ko Wales ya daina aiki wajen shiga ƙasashen Tarayyar. Aka maye gurbinsa da wata takardar shaidar lafiya mai shafuffuka da yawa, wadda sai likitan dabbobi mai izinin gwamnati ke cika ta, kuma kowace tafiya sai an yi sabuwa an biya sabon kuɗi, wanda a asibitoci da yawa yakan haura fam 100. Cikin watan Mayu na 2025 shugabannin ɓangarorin biyu suka amince a taronsu na London su ƙulla wata yarjejeniya kan dabbobi da abinci wadda a ƙarƙashinta fasfon zai iya dawowa. Saboda dokokin suna sauyawa haka, wanda ya san abin da yake yi yakan fara da zuwa wurin likitan dabbobi tun kafin ya sayi tikitin jirgi.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Shirin yana farawa ne da lissafin kwanaki daga baya zuwa gaba. Abu na farko shi ne ƙwayar shaida, wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, ana cusa ta da allura ƙarƙashin fatar kare tsakanin kafaɗunsa. Tana ɗauke da lamba wadda ake karantawa da wata na'urar hannu, kuma wannan lamba ce ke tabbatar da cewa karen da ke cikin mota shi ne na cikin takarda. Tun 2016 doka ta tilasta wa duk mai kare a Ingila da Sikotlan da Wales ya sa masa ita.

Bayan ƙwayar sai allurar haukan kare, kuma jerin yana da muhimmanci ƙwarai. In aka yi allurar kafin a sa ƙwayar, hukuma ba ta san da allurar ba, sai an sake. Ba a yi wa kwikwiyo allurar sai ya cika mako 12, kuma bayan allurar farko sai an jira kwana 21 kafin a ƙetare iyaka. Ashe ke nan kwikwiyon da bai kai mako 15 ba ba shi da tafiya. Wanda ya bari wa'adin tsohuwar allura ya wuce ko da kwana ɗaya kafin ya sabunta, shi ma ya koma farko, sai ya sake jiran kwana 21.

Daga nan sai takardar shaidar lafiya. Tilas a yi ta cikin kwana 10 kafin shiga Tarayyar Turai. A ƙa'idar da aka fara aiki da ita cikin 2021, a lokacin takan ba kare damar yawo cikin ƙasashen Tarayyar da komawa gida har tsawon wata huɗu, muddin allurarsa ba ta ƙare a tsakani ba. Ana cika ta da Turanci da kuma harshen ƙasar da za a fara shiga, don haka likita zai tambayi ta ina za a sauka, wanda ya sauya shawara daga baya ya ce Holan zai bi maimakon Faransa yana iya jawo wa kansa gardama a bakin iyaka. Mutum ɗaya ba ya wuce dabbobi biyar.

Shi ma ubangidan kare yana da nasa lissafi. Mai fasfon Birtaniya ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 a ƙasashen da ke yarjejeniyar Schengen, kuma fasfonsa sai ya kasance yana da sauran wata uku bayan ranar da zai fito. Ɗan Nijeriya mazaunin Ingila wanda ke riƙe da fasfon gida sai ya nemi bizar Schengen tukuna.

NAUYIN MOTA DA ABINCIN KARE

Lasin ƙaramar mota a Birtaniya yana ba mutum damar tuƙa abin da bai wuce kilo 3,500 ba, in ban da waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairu na 1997, su an bar musu har kilo 7,500 zuwa lokacin da za su cika shekara 70. Saboda haka yawancin motocin ana ƙera su ne su tsaya a kan kilo 3,500 da kayansu duka. Motar kanta ta riga ta cinye mafi yawan wannan nauyi, abin da ya rage wa mutane da kaya 'yan ɗaruruwa ne. Lita 100 na ruwa kilo 100 ne. A ƙara tukwanen gas, da kekuna, da kujeru, da kare mai kilo 30 da kejinsa, sai a ga an wuce iyaka ba a sani ba. 'Yan sandan Turai suna tsai da irin waɗannan motoci su auna, wanda ya wuce a ci shi tara, kamfanin inshora kuma yana iya ƙin biya in an yi haɗari. Masu lura sukan loda komai, har da karen, su je ma'aunin manyan motoci kafin ranar tafiya.

Abincin karen ma ya zama abin tunani. Tun 2021 ba a yarda matafiyi ya shiga Tarayyar Turai daga Birtaniya da nama ko madara ko abin da aka yi da su ba, abincin kare kuwa yawancinsa da nama ake yin sa. An keɓe abinci na musamman da likita ya rubuta saboda rashin lafiya, shi ma kada ya wuce kilo 2. Kare kuma in aka sauya masa abinci rana ɗaya cikinsa yakan ɓaci, kuma gudawar kare a ɗakin da bai fi tabarma uku ba abu ne da ke lalata hutun kowa. Dabarar ita ce a bincika wane iri ake sayarwa a kantunan Faransa, a fara saba wa karen da shi tun a gida, ana gauraya shi da tsohon kaɗan kaɗan har mako ɗaya ko biyu.

Haka nan ake saba masa da motar. Ana fara ciyar da shi a ciki tana tsaye, sa'an nan a yi gajeruwar tafiya, sa'an nan a kwana ɗaya a wani wuri kusa da gida. Dokar hanya ta Birtaniya ta ce tilas a ɗaure kare ko a sa shi a keji in mota na tafiya, don in aka taka birki da ƙarfi kare mai yawo a baya zai taho kamar buhun siminti ya faɗa kan direba. A wuyansa akan rataya ɗan ƙarfe mai lambar tarho haɗe da lambar ƙasa, saboda in ya ɓace a ƙauyen Faransa wanda ya tsince shi ya san yadda zai kira.

ƘETARE TEKU

Hanya uku ce. Ta farko ita ce hanyar jirgin ƙasa da aka haƙa ƙarƙashin teku aka buɗe cikin 1994, mai tsawon wajen kilomita 50, daga Folkestone zuwa kusa da Calais. Ana shigar da motar cikin tarago, tafiyar minti 35 ce, mutane da karensu suna zaune cikin motarsu, abin da ake bukata kawai a rufe tukwanen gas. Masu tsohon kare ko mai tsoro sun fi son wannan. Ta biyu jirgin ruwa ne daga Dover zuwa Calais, wajen awa ɗaya da rabi. A nan sau da yawa akan bar karen shi kaɗai cikin mota a ƙasan jirgi, cikin ƙarar inji da zafi, ko da yake wasu jiragen sun keɓe ɗakin zama ga masu dabbobi. Ta uku ita ce manyan jiragen da ke tashi daga Portsmouth ko Plymouth zuwa Santander ko Bilbao a arewacin Sifen. Suna rage wa direba tuƙin sama da kilomita 1,000 na ratsa Faransa, amma ana kwana a teku, ɗakunan da aka yarda kare ya kwana da mai shi kuwa kaɗan ne, akan kama su tun watanni kafin lokaci. Wanda bai samu ba sai karensa ya kwana a kejin jirgi, kuma ana bukatar takunkumi wajen shiga da fita.

Da an sauka, tuƙi ya koma hannun dama. Motar tana bukatar alamar UK a baya, wadda ta maye gurbin GB cikin Satumba na 2021, da ɗan abin da ake liƙa wa fitilu don kada su kashe wa masu zuwa ido. Wasu manyan biranen Faransa, irin su Paris da Lyon, suna neman wata takarda a gilashi mai nuna yawan hayaƙin da mota ke fitarwa.

INDA AKE SO DA INDA BA A SO

Faransa ce aka fi yabo wajen karɓar masu irin wannan mota. Dubban garuruwa da ƙauyuka sun keɓe musu wurin tsayawa inda za su kwana, su ɗebi ruwa, su zubar da ƙazanta, wani wurin kyauta, wani kuma da 'yan kuɗi kaɗan. Akwai kuma manoma da ke barin matafiya su kwana a gonarsu. Gidajen abinci da yawa ba su damu kare ya kwanta ƙarƙashin tebur ba.

Amma akwai wuraren da ƙofa ke rufe. Yawancin bakin tekun da mutane ke wanka a Faransa da Sifen ba a barin kare a watannin zafi. A tsakiyar manyan gandun dajin gwamnati na Faransa, kamar na Vanoise da na tsaunukan Pyrenees, an hana shi shiga ko da a ɗaure yake, saboda namun daji. A makiyayan tuddai kuma akwai manyan fararen karnuka masu gadin tumaki, waɗanda ke ɗaukar baƙon kare tamkar kerkeci. Gidajen tarihi da manyan coci-coci ba su karɓar sa, saboda haka mata da miji sukan shiga bi da bi, ɗaya na waje riƙe da igiya. A Italiya doka ta ce igiyar kada ta wuce mita ɗaya da rabi a cikin gari, kuma mai kare ya riƙa yawo da takunkumi a hannu.

Irin karen ma yana iya rufe ƙasa gaba ɗaya. Faransa ba ta barin a shigo da karnukan da ta kira na kai hari, irin pit bull, Rottweiler kuma sai da igiya da takunkumi. Denmak ta haramta iri 13 tun 2010. Mai kare mai faffaɗan kai wanda ba shi da takardar asali yana iya samun kansa yana jayayya da ɗan sanda a kan kamannin dabbarsa.

ZAFI DA ƘWARI

Abin da ya fi kashe karnuka a irin wannan tafiya shi ne zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, in kuwa iskar da yake shaƙa ta yi zafi hakin ba ya amfani. Ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Ingila takan yi gargaɗi cewa in zafin waje ya kai digiri 22, cikin rufaffiyar mota yana iya kaiwa 47 cikin awa ɗaya. A kudancin Faransa an auna digiri 46 cikin watan Yuni na 2019, kudancin Sifen kuwa ya saba wuce 40. Karen da ya tashi cikin sanyin Ingila, musamman mai gajeren hanci ko mai yawan gashi, ba zai jure wannan ba, kwalta ma tana ƙona masa tafin ƙafa. Don haka masu kare da yawa sukan guje wa Yuli da Agusta, su tafi kudu cikin Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba, in kuwa tilas sai tsakiyar zafi, su nufi arewa ko tuddai.

Kudancin Turai yana da cututtukan da karen Ingila bai saba da su ba. A ƙasashen bakin Bahar Rum akwai wani ɗan ƙwaro mai kama da ƙyashi, yana cizo daga magariba zuwa asuba, yana sa wa kare wani ciwo da ake kira leishmaniasis wanda ke cin fata da ƙoda, kuma ba ya warkewa sarai. Kaska tana kawo zazzaɓin da ke fasa jini, sauro kuma yana kawo tsutsar da ke zama cikin zuciya. Ana kare su da abin wuya mai magani ko maganin ɗigawa a fata, sai dai a fara tun kafin a tashi, kuma kada a bar kare ya kwana a waje. Daga ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara akwai wata tsutsa mai gashi irin gizaka da ke sauka daga itatuwa masu ganye kamar allura, tana tafiya a jere. Karen da ya lashe ta harshensa yakan kumbura, wani lokaci har wani ɓangarensa ya ruɓe.

KOMAWA GIDA

A nan ne aka fi samun waɗanda suka yi kuskure. Kafin kare ya koma Birtaniya tilas likitan dabbobi ya ba shi maganin tsila ya rubuta rana da sa'a a takarda, ya buga hatimi. Wannan tsila ta yanyawar Turai ce, in ta shiga jikin mutum tana cin hanta shekara da shekaru, Birtaniya kuwa ba ta da ita. Ailan da Finlan da Malta da Norwe su ma suna neman wannan magani. Ƙa'idar ita ce a ba da shi tsakanin awa 24 zuwa awa 120 kafin shiga ƙasar, watau kwana ɗaya zuwa kwana biyar.

Misali, iyalin da za su shiga Ingila ran Litinin da ƙarfe goma na safe, lokacinsu ya fara daga goma na safiyar Laraba ya ƙare goma na safiyar Lahadi. Asibitocin dabbobi a Faransa ba su buɗewa ran Lahadi sai don gaggawa, da yawa kuma suna rufewa da azahar ɗin Asabar. Ke nan Alhamis ko Juma'a ya kamata su nemi likita, a garin da suke, ko da suna da sauran tafiyar kwana biyu zuwa bakin teku. In sun yi maganin da sanyin Laraba sa'an nan jirgi ya makara, wa'adin ya wuce, sai a sake a jira wata awa 24. A tashar Calais ana karanta ƙwayar shaidar kare a gwada lambarta da takarda. Likita ya manta rubuta sa'a, ko hatimi bai fito ba, ko ƙwayar ta ƙi karantuwa, kowanne ya isa a mai da mota baya. Wanda kuma ya shigar da kare ba bisa ƙa'ida ba, ana iya killace karen har wata huɗu a kan kuɗinsa, a kuma kai shi kotu.

Masu gudun sanyi da ke son su zarce daga Sifen zuwa Maroko, ko daga Girka zuwa Turkiyya, lissafinsu ya fi wannan wuya, domin ciwon hauka yana nan a waɗannan ƙasashe. Kare mai dawowa daga can sai an gwada jininsa a ɗakin binciken da aka amince da shi an ga allurar ta kama, wanda bai yi gwajin tun kafin ya fita ba kuwa zai jira wata uku. Faransa tana da dalilinta na tsanantawa: cikin 2004 an shigo da wani kwikwiyo a ɓoye daga Maroko ta Sifen zuwa yankin Bordeaux, ya mutu da ciwon, hukuma ta shafe makonni tana cigiyar duk wanda ya taɓa shi.

Nijeriya tana cikin wannan rukuni. Karen da za a fitar daga nan zuwa Turai sai an ɗebi jininsa aƙalla kwana 30 bayan allura, sa'an nan a jira wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, da yawansu yara ne, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Allurar da Bature ke yi wa karensa don a bar shi ya je hutu ita ce dai allurar da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom da ke jihar Filato ke sarrafa irinta, ana kuma samun ta a asibitocin dabbobi na jihohi. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki, ciwon yakan daina yaɗuwa a wurin. Wanda kare ya ciza kuwa, abin da likitoci ke cewa shi ne ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga abin da zai faru da karen.